Harsashin sabon gida: abin da aka tsaya a kai

Na tattaro ra'ayoyin da aka bayar kan irin harsashin da ya dace a yi wa sabon gida, ga su a taƙaice:

1. Kowa ya yarda ƙasar filin ce ke zaɓar harsashi, ba aljihu ba. A kira injiniya ya gwada ta kafin a haƙa.

2. A marmara ko jigawa mai tauri, fandishon rami a bi layin bango, sannan a zuba jaman fulo, wato daben kankare a kan ciko, ya wadatar wa gidan da ba bene ba.

3. A fadama ko baƙar laka mai tsagewa da rani, irin ta yankin Numan da Dikwa, mafi yawa sun ce a shimfiɗa kankare guda mai rodi a ƙarƙashin gidan duka. Nan aka rabu: wasu sun ce tsadarsa ta yi yawa, a kwashe lakar a cike da jar ƙasa. Ni dai ina tare da masu rodi, domin lakar nan tana kumbura da damina ta tsaga bango.

4. A daddage ciko sosai, a sa maganin gara, a shimfiɗa leda mai tare danshi, a binne bututun ruwa kafin zubi.

5. Kaurin daben kankare inci 6, kwaɓi 1:2:4 (awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa), ban ruwa aƙalla kwana 7.