Matan ama na Japan: yaya suke nutso a teku ba tukunyar iska?

Ummu_Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masana harkar ruwa ce. Akwai matan nan na Japan da ake kira ama, masu nutso ƙasan teku da numfashinsu kawai, wasu ma sun haura shekara 70. Ana cewa suna yin minti biyar a ƙasa, kuma wai lu'ulu'u suke nema. Gaskiya ne? Me suke ɗebowa, da wane kaya suke aiki, kuma me ya hana su goya tukunyar iska tunda ƙasarsu ba ta rasa ta ba?

Mai_Gora:

Wa alaikumus salam, Malama. Batun minti biyar ɗin nan ki ajiye shi gefe. Nutso ɗaya na aiki bai cika wuce daƙiƙa 50 zuwa minti ɗaya ba, kuma a ciki har da sauka da hawa, don haka kusan rabin lokacin ne kawai take yi a ƙasa. Gwanintar tana wajen maimaitawa: ta nutsa, ta taso, ta huta, ta koma, haka har awa ɗaya ko ɗaya da rabi kafin ta fita ta ji ɗumi.

Aikin iri biyu ne. Akwai kachido, wadda ke shiga daga gaɓa ko jirgi ya sauke su su da yawa, kowacce ta kama gabanta. Ita da ƙarfin ƙafarta take sauka, zurfin mita 3 zuwa 10. Tana jan wani zobe mai yawo a kan ruwa, tanpo, da raga rataye a ƙarƙashinsa inda take zuba abin da ta samo, a kansa kuma take kifa ƙirji ta huta. A da bahon katako ne ake ɗaure wa a kugu da igiya. Sai funado, wadda ke aiki da mutum ɗaya a kwalekwale, galibi mijinta. Tana riƙe dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo 10 zuwa 15 ya ja ta ƙasa da sauri, har mita 20 ko fiye, ba ta ɓata numfashi wajen sauka. A kugunta akwai igiya. Idan numfashi ya kusa ƙarewa sai ta fizge ta, shi kuma ya jawo ta sama ba jinkiri. Hannunsa ba ya barin igiyar nan ko na ƙiftawar ido.

Babban abin nema shi ne awabi. Dangin dodon koɗi ne, amma ɓawonsa ɗaya ne, shimfiɗaɗɗe kamar kunne, da 'yan ramuka a jere ta gefe, naman kuma yana manne da dutse. Bayan shi akwai sazae mai murɗaɗɗen ɓawo, da bushiyar teku, da namako (wata dabbar teku mai laushi mai siffar kokwamba), da ciyayin teku irin su arame da wakame da tengusa.

Cire awabi shi ne inda ake gane gwana. Yana zama a ƙarƙashin duwatsu da cikin tsaguwa mai duhu, sau da yawa da lalube ake samunsa. Kayan aikin wani ƙarfe ne mai faɗin baki da suke kira nomi, akwai dogo akwai gajere na shiga matsattsen wuri, wani kuma yana da ƙugiya a ɗaya bakin don jawo sazae da bushiya. Dole ta zura bakin ƙarfen tsakanin naman da dutsen ta ɓamɓare a motsi ɗaya tun bai farga ba. Da ya ji taɓi sai ya damƙe dutsen, kuma daga nan ƙarfi ba ya cire shi sai dai ɓawon ya fashe ko naman ya yage. Jinin awabi ba ya daskarewa, ƙaramin yanka ma yana iya kashe shi, kuma mai rauni kuɗinsa faɗuwa yake a kasuwa. Mai hankali idan ta kuskure karon farko sai ta bar shi ta taso, ta dawo bayan ya saki jiki.

Dakta_Ruwa:

Mai Gora ya gama da kayan aiki, bari in ɗora da abin da ke faruwa a jiki, don nan haɗarin yake.

Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A mita 10 iskar huhu ta koma rabin girmanta, a mita 20 kashi ɗaya cikin uku. Kunne ne ke fara kuka. Idan ba a tura iska cikinsa ta hanci tun daga mitocin farko ba, dodon kunne zai lotsa ciki har ya fashe, ruwan sanyi ya shiga, jiri ya ɗebi mutum ya kasa gane sama da ƙasa. Shi ya sa mai mura ba ta da abin yi a ruwa ranar. Tabarau ma yana da tasa matsalar: na farko-farko ido kawai yake rufewa, da an yi zurfi sai ya tsotsi idon har jini ya taru. Suka yi dabarar haɗa masa 'yan jakunkunan iska na fata ko roba a gefe, ruwa ya matse su, iskar ta shiga tabaran. Na yanzu yana rufe ido da hanci tare, sai a hura masa iska kaɗan ta hanci.

Sai fiton nan da ake jin suna yi idan sun taso, isobue. Ba ado ba ne. Suna fitar da numfashi ne a hankali ta tsukakken baki maimakon haki. Abin da ke sa mutum jin dole ya yi numfashi taruwar iskar kabon dayoksaid ce a jini, ba ƙarancin oksijin ba. Wanda ya yi ta zuƙa da fitarwa da sauri kafin nutso ya kore kabon ɗin, wato ya kashe ƙararrawar da za ta gargaɗe shi, oksijin kuwa bai ƙaru da wani abin kirki ba. A ƙasa matsi yana taimaka wa ɗan oksijin da ya rage shiga jini, sai ya ji garau. Yana tasowa huhu ya buɗe, matsin ya faɗi, sai suma a mitocin ƙarshe, ba alama ba ihu. Don Allah yaran da ke gasar daɗewa a ƙarƙashin ruwa a dam da kududdufi su ji wannan.

Amma abin da ya fi iyakance aikin sanyi ne. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. A da da fararen tufafin auduga suke shiga, sai daga shekarun 1960 rigar roba ta yaɗu. Ita kuma tana sa mutum yawo a sama, dole a ɗaura ɗamarar darma, kuma a zurfi robar tana matsewa ta rage ɗagawa, don haka wadda ta cika darma za ta sha wuya wajen tasowa. Bayan kowane zagaye suna shiga bukkarsu, amagoya, su kewaye wuta har jiki ya dawo, ko da bazara ne.

Ɗan_Kabi:

Malama Ummu, tambayarki ta ƙarshe ita ce mai nama. Ba rashin tukunyar iska ba ne, hana ta aka yi da gangan. Haƙƙin kamun abin da ke gaɓar kowane ƙauye yana hannun ƙungiyar masuntan wurin, ita ke faɗin ranar buɗe ruwa, da awa nawa za a yi, da wurin da za a bari ya huta. Mai tukunya zai share dutse ɗaya tas a yini guda. Mai numfashi ɗaya kuwa dole ta bar na zurfi da na lungu, su ne iri. Ko rigar robar ma sai da wasu ƙauyuka suka yi gardama a kanta suka sa mata iyaka, don tana ƙara daɗewa a ruwa.

A jihar Mie, inda garuruwan Toba da Shima suke, kuma inda kusan rabin ama na ƙasar suke, doka ta hana ɗaukar awabi da bai wuce santimita 10.6 ba. Kowacce tana da ɗan ma'auni, sunbo, wanda bai kai ba a mayar da shi. An kuma rufe kamunsa daga 15 ga Satumba zuwa 31 ga Disamba, lokacin da yake zuba ƙwai. Tun Disamba 2020 wanda aka kama yana satar awabi ko namako zai iya shan ɗaurin shekara 3 ko tarar yen miliyan 30. Wanda ya san yadda ake tsare Matan Fada a Argungu har ranar bikin kamun kifi ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Ummu_Hanifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura biyu: ina labarin lu'ulu'un ya samo asali, kuma me ya sa mata?

Inna_Asabe:

'Yata, lu'ulu'un daga Mikimoto Kokichi ne, mutumin Toba da ya fara samar da lu'ulu'u ta hanyar kiwo a 1893. Ama ne ke ɗebo masa kawar akoya daga ƙasa, a sa mata ɗan ƙwallo a ciki, su mayar da ita, su kuma kwashe ta zuwa wani wuri idan ruwa ya ɓaci. Da aka koma rataye kawa a kwanduna sai aikin ya ƙare, ya rage nunin da ake yi wa baƙi da fararen kaya a tsibirin Mikimoto. Sana'ar kuwa ta girmi wannan nesa ba kusa ba, tana cikin waƙoƙin Japan na ƙarni na 8, kuma har yau ƙauyen Kuzaki ne ke yanka awabi siriri a busar a kai wurin bauta na Ise.

Batun mata, an fi cewa kitsen jikin mace ya fi jure sanyi. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ni na fi ba tsarin gida nauyi: maza suna fita kamun kifi nesa, gaɓa ta zama ta mata, yarinya ta taso tana bin uwa da kaka tana koyon duwatsu. Maza masu nutso suna nan, a wasu yankunan ma sun fi yawa. Sanin duwatsun nan ne kuma ya sa tsohuwa take kayar da budurwa: ta san wane dutse ke da awabi da yadda igiyar ruwa ke juyawa a wurin, ba ta ɓata daƙiƙa goma tana dube-dube. Wasu ko 'yarsu ba sa nuna wa raminsu.

Ɗan Kabi, doka tana aiki, amma ba ta isa ba yanzu. A 1956 ama sun haura 17,000, zuwa 2010 sun dawo wajen 2,000, mafi yawa sun wuce shekara 60. Ban da tsufa, abincin awabi ne ke ƙarewa. Arame da danginta ba sa son ruwa mai ɗumi, kuma daga 2017 zuwa 2025 da Kuroshio, igiyar ruwan ɗumi da ke bi ta kudancin Japan, ta karkace, gaɓar Shima ta yi ɗumi, kifaye masu cin ciyawa da bushiyar teku ba sa lafawa ko da hunturu, suna cinye tsiron tun yana ƙarami. Dutse ya koma fari fat, abin da suke kira isoyake. Ana sakin 'ya'yan awabi da aka ƙyanƙyashe a tanki, ama kuma suna shiga su rage bushiyar, amma ɗan awabi da aka saka a dutsen da ba ciyawa ba ya kai santimita 10.6. A Wajima kuma, can jihar Ishikawa, girgizar ƙasar 1 ga Janairu 2024 ta ɗaga gaɓar har kusan mita 4 a wasu wurare, tashar jiragen ta yi ƙarancin zurfi, wasu duwatsun da ake nutso a kansu suka fito fili.

Dakta_Ruwa:

Ƙarin gyara ɗaya ga masu cewa mai nutso da numfashinsa ba ya kamuwa da ciwon masu tukunya. Yana kamuwa. An samu funado da ke maimaita mita 20 awanni a jere da gajeren hutu suna fitowa da jiri, ko mutuwar ɓarin jiki, ko harɗewar harshe, saboda iskar naitirojin tana taruwa kaɗan-kaɗan a jiki ta yi kumfa. Maganinsa tsawaita hutu tsakanin nutso da rage awannin zurfi, wanda kuma ya fito da waɗannan alamu a ba shi oksijin a nufi asibiti mai ɗakin matsi da shi.