'Yar barandar sama a Ƙofar Ƙaura: me za a sa mata?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Mun tare a wani gidan sama a Ƙofar Ƙaura. Akwai 'yar baranda, tsawonta bai wuce taku huɗu ba, kuma yamma take kallo. Ina so in gyara ta mu riƙa shan iska bayan magariba. Ku ba ni shawara.

Anti Bilki: Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Kafin maganar kujera, fito ki tsaya ki duba ƙasa: ana hango tsakar gidan maƙwabta? In ana hangowa, da sutura za ki fara. Matan gidan can suna wanki da girki babu mayafi, ba su san akwai ido a sama ba. Ki sa asabari daga saman barandar har ƙasa, irin wanda ake naɗewa. Zai kare su, ya kare ki, ya kuma tare maki ranar la'asar, wadda a watan Afrilu ko ƙarfen barandar ba ki iya dafawa.

Maman Hanifa: Wallahi ana hangowa Anti, har madafinsu. Zana fa?

Anti Bilki: Zana tana toshe iska, kuma tana zubar da ɓuntu. Asabari ya fi.

Malam Sada: Hajiya, ki ɗaure shi sama da ƙasa da waya, ba da tsumma ba. Iskar farkon damina in ta taso, sai dai ki tsince shi a layin baya. Kujerar roba kuma ki haƙura da ita, rana na cinye ta, ta yi fari ta tsage. Ki sa kafinta ya buga maki benci mai murfi daidai tsawon bangon: sama wurin zama, ciki ma'ajiyar matasai lokacin ƙurar hunturu.

Hajiya Yalwa: Ni dai 'yata, zaman ƙasa na fi so a irin wannan wuri. Tabarmar kaba guda, darduma a kai, tum-tum biyu, shi ke nan. In kin zauna ƙasa ma ba mai ganinki daga titi. Tabarma mai kyau, ki ba masu zuwa Mai'adua ranar Lahadi sautu. Ki ce su duba bakinta, in ɗinkin gefe ya yi sako-sako ba ta daɗewa. Kafet kada ki soma, ƙura zai sha, ruwa ya taɓa shi ya yi wari.

Ummi: Mama ku ƙara da tulu a lungu, da ƙoƙo a kife a bakinsa. Ruwan ya fi na firij daɗi in babu wuta.

Malam Sada: Tulu dai, ban da babbar randa. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, baranda kuma rataye take. Sannan kada a toshe bututun da ruwan sama ke fita.

Maman Hanifa: Shuke-shuke fa? Ina son ɗan kore.

Ummi: Na'a-na'a da ɗoɗɗoya a tukunyar ƙasa mai huji a gindi, ki ajiye su bayan asabarin don ranar yamma na ƙona su. Ruwan da ya taru a farantin ƙarƙashi ki riƙa zubarwa, mako ɗaya ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe a ciki.

Anti Bilki: Wai Hanifa ta fara tafiya ko? To bencin nan jikin bangon ɗaki za a jingina shi, nesa da ƙarfen, don yaro takawa yake ya leƙa. Ki auna tsakanin sandunan kuma. In ya wuce santimita 10, kan yaro na iya shiga, ki kira mai walda ya ƙara sanda ko ya sa raga tun kafin ki shimfiɗa komai.

Maman Hanifa: Yanzu na auna da tef ɗin ɗinki, 14 ne. Malam Sada, don Allah turo mani mai waldar da ka yarda da aikinsa, gobe in Allah ya kai mu ya zo ya gani.