Makwabcin sama ya cire kafet ya sa katako ba izini, yaya za mu yi da shi?

Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Kalifoniya ta Amurka, a wani bene mai gidaje goma sha biyu, kowa da nasa, kuma ina cikin kwamitin masu gidajen. Dokarmu a rubuce take: wanda ke sama ba zai canza daɓen gidansa ba sai da izinin kwamiti, kuma dole a shimfiɗa abin da ke shanye ƙara a ƙarƙashi. Ma'aunin IIC, wato na yadda daɓe ke tare ƙarar taku daga isa gidan ƙasa, da dokar gini ta gindaya shi ne aƙalla 50.

To, wani bawan Allah a hawa na biyu ya yaye kafet ya sa katako, bai tuntuɓi kowa ba. Dattijuwar da ke ƙasansa ta ce ko cokali ya faɗi sai ta ji, barci ya gagare ta. Na je da kaina na saurara, wallahi ba ƙari take yi ba.

Mun aika masa takarda kwana 10 kafin zaman kwamiti, kamar yadda doka ta ce. Ya zo, ya ce kafet na tayar wa ɗansa asma. Ban ƙaryata shi ba, amma takardar likita har yau shiru. Ga shi tun 2025 dokar jihar ta ƙayyade tara a kan dala 100, sai in abin ya taɓa lafiya. Mun ci shi tarar, ya biya, katako na nan daram.

Shin za mu iya tilasta masa ya ɗauko mai gwajin ƙara da kuɗinsa? Rashin barcin dattijuwar zai shiga batun lafiya? Ko sai sulhu kafin kotu? Asusunmu ba zai ɗauki lauya ba. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka.