Gishiri ko firiza-diraya? Ina neman shawara kan sikafol ɗin ƙashi

Ƴar Zazzau: Assalamu alaikum. Aikin digirina na biyu haɗa sikafol ne, wato soso mai ramuka da ƙwayoyin ƙashi za su kama su yaɗu a ciki, daga baya ya narke a jiki. PCL ne a hannuna, wato wani nau'in roba mai narkewa a jiki a hankali. Malamina yana son ramukan su kai maikiron 300 (maikiron 1000 ne milimita ɗaya). In tankaɗe gishiri in cuɗa da PCL da na narkar a kulorofom, bayan ya bushe in wanke gishirin, ko in nemi firiza-diraya, na'urar da ke busar da daskararren samfuri ta bar ramuka a gurbin ƙanƙarar? Wata huɗu ya rage mini.

Mai Jatan Lande: Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki koma kaitosan kawai, daga ɓawon jatan lande ake samunsa, asid ɗin asetik kashi 1 ko 2 cikin 100 ya ishe ki narkar da shi.

Ƴar Zazzau: Yaya, PCL na ce ina da shi.

Tsohon Lab: Kada ki kusanci firiza-diraya sai kina da wuta tsayayyiya. Na daskarar da samfuran gelatin 24 a digiri -80, na sa su a na'ura, ana buƙatar kwana biyu ba yankewa. Cikin dare aka ɗauke wuta, janareto ba dizal. Da safe na tarar ƙanƙarar ta narke, ramukan sun rufta, kowane samfuri ya zama kamar ƙanzon tuwo a gindin kwalba. Gelatin ɗin da kuɗin aurena na saya. Shekara guda na ƙara. Har yau in na ji ƙarar famfon na'urar nan gabana faɗuwa yake.

Injiniya: Allah ya mayar da alheri. Amma gelatin ai ba tsada, kulorofom ne ke cin kuɗi.

Tsohon Lab: Na kanti kake nufi. Wanda ake rainon ƙwayoyin halitta da shi ya ninka kulorofom.

Injiniya: Ni rabin kuɗin kulorofom na saye shi bara.

Ɗan Barkwanci: Gishiri, rariya, tankaɗe... saura daddawa a sauke miya 😂

Dakta: Gishirin ya fi miki, don girman ƙwayarsa shi ne girman raminki. Kada kaurin ya wuce milimita biyu zuwa uku, in ba haka ba gishiri zai maƙale a tsakiya. Ki riƙa canja ruwan, ki ɗiga sinadarin silba naitiret a ruwan wankin, in ya yi fari da sauran gishiri. Kada ki kai shi otokilef, tukunyar tururin kashe ƙwayoyin cuta, PCL yana narkewa a kusan digiri 60.

Injiniya: Dakta, da hannunka ka taɓa yi ko a takarda ka karanta?

Dakta: Ɗalibai uku na duba a kai.

Tsohon Lab: Dubawa daban, kwana a lab daban, ranka ya daɗe.

Mai Jatan Lande: Ko wanne ta yi, ina za ta ɗauki hoton SEM, wato madubin lantarki mai nuna ramukan? Wata biyu samfurina yana layi, aka dawo mini da hoto huɗu, biyu duk hazo.

Injiniya: Kai har an ba ka? Mu cewa aka yi filamen ɗin na'urar ya ƙone, har yau shiru.

Ƴar Zazzau: Don Allah rariya mai lamba nawa zan nema?