Inaso in tashi da iyali da dabbobi daga yankin Funtua zuwa Taraba, masu sani ku taimaka da shawara

Ɗan Fadama:

Assalamu alaikum jama'a, ya aikin kaka. Dan Allah shawara nake nema wajen wanda ya taɓa irin wannan tafiyar. Ni manomi ne a wani ƙauye yamma da Funtua ta wajen Faskari, ba sai na faɗi dalili ba duk wanda yasan yankin yasan halin da muke ciki, damina ukku kenan ban taka babbar gonata ta daji ba sai 'yar ta bayan gida, ita kuwa ko wata biyar bata ciyar damu. Ƙanina yayi shekara huɗu a wajen Mutum Biyu can ƙaramar hukumar Gassol, shine ya matsa min in tattaro in taho yace akwai gona kuma ruwa baya yankewa.

Abinda ke hannuna shine mata biyu, yara 9, sai Innarmu tsohuwa. Bijimai biyu na huɗa, saniya ɗaya da ɗan maraƙinta, tumaki 7, awaki 11, jaki, kaji da zabi ban ƙirga ba. Kayan aiki akwai garmar shanu, amalanke, injin ban ruwa da tiyo ɗinshi, injin markaɗe na uwargida, babur, sai hatsin bana masara buhu 20 da 'yar dawa.

To in kwashe duka ne ko in saida wasu? Mota ɗaya zata iya? Wace hanya tafi, kuma wane wata? Sannan Inna tace ita ba inda zata, a nan aka binne mijinta a nan za'a binne ta, wlh wannan ɗin yafi komai hanani barci.

Mai Daf:

Wa'alaikumussalam. Ni direba ne, na sha ɗauko masara da shinkafa daga yankin Taraba. Farko dai ka cire maganar mota ɗaya daga ranka, mutane daban dabbobi daban. Tafiya ce ta kusan kilomita 1000, babbar mota da kaya kwana biyu ne in ba'a samu matsala ba, ka ɗora yara ƙanana akan buhuna kusa da bijimai cikin sanyin hunturu? A'a Alhaji. Iyali ka ɗaukar musu shatar bas su tashi da asuba, kai ko babban ɗanka wani ya bi motar kaya.

Hanya kuwa ko ka bi Zariya, Jos, Bauchi, Gombe, ko ka zaga ta Kano ka faɗa Darazo da Dukku ka fito Gombe, daga nan Kaltungo, Cham, ka haye gadar Numan, sai Jalingo sai Mutum Biyu. Wani zai ce maka ta Shendam zuwa Ibi tafi kusa, eh tafi kusa a taswira amma babu gada a Ibi, fito ake a kogin Binuwai, bazan so ka hau ruwa da shanu ba. Kuma gadar Namnai dake hanyar Wukari zuwa Jalingo ta karye a 2024, saboda haka duk wanda zai biyo dakai ta Wukari ka tambayeshi halin da wajen yake ciki yanzu kafin ku shirya. Numan zuwa Jalingo ma sanda na bita na ƙarshe ramuka ne kamar me, da rana ake binta.

Sirrin sauƙin kuɗi: da kaka motoci da yawa suna tafiya Taraba ba kaya su ɗauko hatsi, irin su zaka nema ta hannun ɗan kamasho a tasha, mai motar gara ya samu kuɗin gas da ya tafi fanko. A zuba yashi a ƙasan motar inda shanu zasu tsaya dan kar su zame, a gitta katako mai ƙarfi tsakaninsu da ƙananan, injuna a tsiyaye man ciki a ɗaure su can gaba. Amalanke a cire tayoyin a kwantar dashi. Kuma ka riƙe canji a aljihu, masu tare hanya da katako mai ƙusa suna nan kowace ƙaramar hukuma da rasit ɗinta, ku gama magana da direba tun a gida waye zai biya, a nan ake faɗa.

Malamin Dabbobi:

Ɗan uwa Allah ya kawo sauƙi. Ni ta ɓangarena zan yi magana. Abinda mutanen mu na arewa ke mantawa shine dabba ma baƙunta take kamar mutum. Kwarin Binuwai akwai ƙudan tsando musamman bakin rafuka da kurmi, shi ke kawo sammore, zakaga sa yana cin abinci amma yana ramewa gashi ya tashi ido na hawaye, ka ɗaura mishi garma kunya biyu ya kwanta. Ga kaska tafi ta gida yawa, in damina ta zauna kirci ya biyo baya, ga ciwon hanta ga duk dabbar dake kiwo a fadama. Ba wai shanu basa rayuwa a can bane, Taraba cike take da shanu, amma waɗanda suka tashi a wurin sun saba kuma masu su sun san lokacin allura.

In ka dage sai ka tafi dasu, kaje ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku ayi wa shanun rigakafin ciwon huhu, awaki da tumaki ayi musu na annobar nan mai zawo da majina, kamar sati ukku kafin tafiya ba ana gobe ba, dan allura bata kama jiki rana ɗaya. A nan zaka karɓi takardar izinin tafiya da dabbobi, ka haɗa da takardar shaida daga mai garinku cewa naka ne. Wannan kar kayi wasa da ita, mutum ya fito daga yankin Faskari da shanu a mota ba takarda, kasan zargin da zai fara hawa kanshi a shingen farko. Maganin sammore irin su Samorin da Berenil ana samu amma kar ka saya a kasuwa kayi da kanka, na jabu yayi yawa kuma da nauyin dabba ake aunawa.

Kar a cika musu ciki da dusa ranar lodi, harawa da ruwa ya isa, a tsaya a basu ruwa a hanya. In kun sauka ka ware su sati biyu kafin su haɗu da na gari. Jaki dai ka saida shi ko ka barwa wani, baya jure tsando. Kaji da zabi a yanka ayi guzuri, sauran a saida, bai kai wahalar ba.

Baban Sadiya:

Ni nayi irin tafiyar da kake shirin yi, daga ƙasar Katsina zuwa wajen Garba Chede, yanzu damina ta shida kenan. Abinda zan faɗa maka bazai maka daɗi ba amma ka saida bijiman nan. Nasan yadda mutum yake ji da shanun huɗarshi, nima nawa na taho dasu, ɗaya Bakin Wuya nake ce mishi da hannuna na hore shi tun yana ɗan bana biyu, ko igiya ban riƙe ba in nayi fito zai juya a ƙarshen kunya. Damina ta farko ya fara ramewa, na kashe kuɗi har na gaji, ƙarshe mahauci ya ɗauke shi a rabin kuɗinshi ina tsaye ina kallo. Da a gida na saida su na riƙo kuɗin na shiga kasuwar Iware na sayi na ƙasar da ban yi wannan asarar ba. Garma da amalanke da injin ruwa kuwa ka taho dasu, ƙarfe baya sammore.

Lokaci kuma ba da kalandar gida zaka duba ba. A can gida sai ƙarshen Mayu ko Yuni ake shuka, nan ruwa yana sauka tun Afrilu, kuma saurar da za'a baka ba irin gonar gado bace da ka share da rana ɗaya, akwai kututture akwai tofa sai kayi sassabe na gaske. In baka sauka a Janairu ko farkon Fabrairu ba to ka rasa daminar farko, ka zauna kana cin buhu 20 ɗin nan har su ƙare.

Iri ma kar ka yarda da na gida. Ni na taho da dawata kaura mai kyau na shuka, ta tashi abin sha'awa har maƙwabta na zuwa kallo, sai ta fidda kai da wuri ana tsakiyar ruwa dan nan ruwa yana kaiwa Oktoba, zangarniyar tayi baƙi da fumfuna, ɗan abinda ya tsira tsuntsaye suka taru a kai tunda a duk yankin tawa kaɗai ta nuna. Wani tsoho ɗan gari yana wucewa yace min baƙo ka tambaya mana. Tun daga nan irin gari nake saye. Gero kuwa ka manta dashi sai dai maiwa, nan masara ce da shinkafa da riɗi da waken suya da doya.

Maganar gona, wannan "akwai gona" da ƙaninka yace ka tambayeshi aro ce ko haya ko saye, kuma ta waye. Kaje da ƙafarka kafin ka kwashi kowa, ka gaida mai unguwa da dagaci, a zaga dakai iyaka gaban shaidu a rubuta, shekara nawa, nawa zaka bada in an girbe. Na ga wanda ya tumɓuke kututture shekara biyu da gona tayi kyau masu ita suka ce ɗansu ya dawo. Kuma ka sani tun 2017 Taraba tana da dokar hana kiwon sake, ko ana aiki da ita a wajen ko ba'a yi, kai baƙo ne, akuyarka ɗaya ta shiga doyar wani magana ta zama babba. Turke da shinge tun ranar farko. Gonarka ta gida kuwa ko za'a baka me kar ka saida, ka bada aro ga ɗan uwa.

Mai Daf:

Baban Sadiya gaskiya ka faɗa, in ya saida manyan ma ko ƙaramar motar kaya ƙirar kanta ta isheshi ba sai babbar daf ba. Amma fa kar ya ɗauko kuɗin shanu a aljihu, a tura ta banki.

Malamin Dabbobi:

Ni ban ce lallai ya saida ba, in akwai allura akan lokaci shanu irin Bunaji suna yi a can. Matsalar sayen sabbi shine sai ka samu horarru, in ba haka ba ka shiga damina kana koyawa sa garma. Saniyar da maraƙin dai na yarda ya saida.

Maman 'Yan Biyu:

Duk kun tsaya kan shanu ba wanda ya tambayi inda matan zasu kwana. Malam dan Allah kar ka kwashi mata biyu da yara 9 ka sauke su a gidan ƙaninka kace na ɗan kwana biyu ne, mu akayi wa haka, wata huɗu mukayi a ɗaki ɗaya da labule a tsakiya, zumuncin da ya lalace a lokacin har yau bai gyaru ba. Ka fara tafiya kai da babban yaro ku tada ko ɗakuna biyu da makewayi da ɗan madafi, ku duba rijiya ko rafi nisansa nawa, sannan ka dawo ka ɗauke su. Ba'a fafe gora ranar tafiya.

Ka zauna da matanka kowacce ta ware kayan ɗakinta da kanta, gado da kabet da suka tsufa a saida, amma turmi da taɓarya da tukwane da injin markaɗen nan su tafi, injin ma shi zai fara kawo muku kuɗin cefane kafin gona ta bada komai kuma ta nan uwargida zata san matan gari. A ƙullo kuka da kuɓewa busassa da daddawa da barkono da yawa. Gidan sauro kowa da nashi, sauron can ba irin na gida bane, yaranmu duk sai da suka kwanta zazzaɓi a daminar farko. Ka karɓo musu takardar canjin makaranta da katin rigakafi, in akwai mai ciki a cikinsu a lissafa watanta kafin a sa rana.

Ita kuwa Inna kar ka tsananta mata kuma kar ka yi mata wayo. Tsohuwa in tace bazata ba, ba kabarin kaɗai take nufi ba, tsoro take a kaita inda bata san kowa ba ta mutu a hannun baƙi. Ka samu wanda take jin nauyinshi, ƙaninta ko limamin garinku, ya ce mata taje ta ga jikokinta na wajen ƙaninka tayi azumi a can in bata ji daɗi ba a maido ta, kuma in tace a maido ta ɗin ku maido ta. In taƙi sam, akwai 'yarta mace a cikin gari da zata zauna wajenta?

Ɗan Fadama:

Jama'a nagode Allah ya saka da alheri, wlh na ƙaru. Na kira ƙanin nawa jiya da daddare na tambayeshi, ashe gonar haya ce ta shekara shekara kuma ko takarda basu yi ba, ya ce wai mutumin kirki ne mai gonar. Dan haka da na gama sussukar dawa zan hau mota ni kaɗai inje in gani, sati biyu haka. Jaki da saniya na yarda zan kaisu kasuwar Sheme, bijiman dai har yanzu zuciyata bata bani ba sai naje Iware na ga kuɗin horarru da idona.

Maman 'Yan Biyu akwai yayata tana aure a cikin Funtua, ita ma tace a bar mata Inna amma mijinta ne ban san ranshi ba, gobe Juma'a zan sameshi bayan masallaci.

Mai Daf dan Allah duba akwatin saƙonka, inaso in ji kanta zata ɗauki buhu 20 da amalanke da ƙananan dabbobi 18 a tafiya ɗaya, ko sai na rage masarar.