Makina 332, ejan ya ce in sayar da filina in sayi takardar aiki a Kanada

Baban Khalil:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina bin abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai tawa ce ta kawo ni. Ni injiniyan gine-gine ne, shekarata 33, digiri ɗaya gare ni, na yi shekara 7 ina aiki. Ina da mata da yara biyu. Na buɗe bayanaina a Express Entry, tsarin da ke jera masu nema bisa maki, don neman zama na dindindin a Kanada, na yi jarrabawar Turanci ta IELTS na samu 7.5 a saurare, 7 a karatu, 6.5 a rubutu, 7 a magana. WES, masu tantance takardun karatu na ƙasashen waje, sun tantance digirina. Da aka haɗa komai, makina ya tsaya a 332.

Wata huɗu ke nan kullum da asuba bayan na idar da salla sai na ɗauki waya na duba ko an yi kwasa, wato an ɗebi masu maki mafi yawa an tura musu gayyata, kuma duk wadda na gani makinta ya yi mini nisa. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani ejan. Na je ofishinsa, ya nuna mini hotunan mutanen da ya ce ya fitar. Ya ce zai samo mini takardar ɗaukar aiki daga wani kamfani a can, wadda za ta ƙara mini maki 50, a kan naira miliyan 9, rabi yanzu rabi bayan biza. Ya kuma ce in koma in gyara bayanaina in rubuta ba ni da aure, wai makin gwauro ya fi yawa, in na isa sai in ɗauko iyalina daga baya.

Ba ni da wannan kuɗin sai in na sayar da filin da na yi shekara biyar ina biya da kaɗan-kaɗan. Maman Khalil ba ta ce kar in sayar ba, amma tun ranar da na gaya mata zancen "ba ni da aure" fuskarta ta canja. Nan da wata biyar zan cika 34, makin shekaruna kuma zai ragu. Don Allah wanda ya san hanyar nan ya gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Injiniya na Kalgari:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka ba shi ko kwabo. Tun ranar 25 ga Maris 2025 hukumar shige da ficen Kanada, IRCC, ta daina ba da maki kan takardar ɗaukar aiki a Express Entry. Da can ana samun 50, manyan shugabannin kamfani su samu 200, aka soke saboda cinikin takardun ya yi yawa. Wanda zai karɓi miliyan 9 a hannunka yau don maki 50 yana sayar maka da abin da babu shi ne. Ko a lokacin da ake bayarwa, kuɗin takardar LMIA, wato izinin da kamfani ke nema don ɗaukar ma'aikaci daga waje, a wuyan mai ɗaukar aiki yake, doka ta hana a ɗora wa ma'aikaci.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafinka, don makin da kake nema yana cikin jarrabawar da ka riga ka sani. Shekaru sun ba ka 80, digiri 112, harshe 102, haɗakar karatu da aiki da harshe 38. Shi ne 332 ɗin. Akwai wani matakin iya harshe da suke kira CLB 9, wato 8 a saurare, 7 a sauran ukun. Kai biyu kawai suka rage maka, kuma rabin maki ne a kowanne: saurare daga 7.5 zuwa 8, rubutu daga 6.5 zuwa 7. Ranar da ka haye wannan matakin, harshe zai koma 116, wancan 38 ɗin kuma ya zama 75. Jimla 383. Maki 51 ke nan da kuɗin jarrabawa ɗaya, ya ma fi abin da ejan ya yi maka alkawari.

Ni sau uku na zauna kafin na samu. A rubutu nake faɗuwa, saboda na saba da rahoton wurin aiki, gajerun jimloli a jere. Sai da na yi wata biyu kullum bayan isha ina rubuta wasiƙa mai kalma 150 da muƙala mai kalma 250 cikin awa ɗaya cif, agogo a gabana, wata malamar Turanci tana bi da jan biro. A saurare kuwa kana bukatar wajen 35 cikin tambaya 40, kuma yawancin abin da ke zubewa harafi ɗaya ne da ka bari a ƙarshen kalma ko lamba da ka juya. Ka sani kuma dole duka huɗun su fito a zama ɗaya, ba a tsinto mai kyau daga wannan takarda a haɗa da na waccan.

Ba zan ɓoye maka ba, 383 ma ba za ta kai ka a kwasar gama-gari ba. Waɗanda aka yi a 2024 duk sama da 500 suka tsaya. Amma da ita za ka fara zama abin dubawa ga larduna, kuma lardin da ya zaɓe ka maki 600 yake ƙara maka a take.

Maman Ilham:

Baban Khalil, ni maganar auren ce ta tsaya mini a rai, ka yi haƙuri in yi maka magana kamar yayarka. Abu biyu ne daban ejan ɗin ya cakuɗa maka. Ka rubuta kana da mata amma ba za ta biyo ka yanzu ba, wannan doka ta yarda, kuma za a yi maka lissafi irin na mai zuwa shi kaɗai. Ka rubuta ba ka da mata alhali kana da ita, wannan ƙarya ce a takardar hukuma, hukuncinta haramcin shekara 5, kuma ko ka riga ka shiga ana iya karɓe takardar zaman. Abin da ya fi ciwo, iyalin da ba ka bayyana ba aka duba lafiyarsu tun farko, dokarsu ta hana ka ɗauko su daga baya a matsayin iyalinka. Wato Khalil da ƙanwarsa ko ƙanensa za ka rufe wa ƙofa da hannunka.

Kuma nawa ne ribar? Na lissafa da alƙalumanka: in kai kaɗai ne 354 za ka samu maimakon 332. Maki 22. In Maman Khalil tana da digiri aka tantance shi, 8 ne. In ta zauna IELTS ta samu 6 a kowane ɓangare, 12 ne. Ka ga 20 sun dawo, kuma kuna tare. Mu haka muka yi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, da muka auna sai muka ga makina ya fi na maigidana saboda na fi shi ƙarancin shekaru, kuma tun 2023 ana yin kwasa ta musamman ga ma'aikatan lafiya. Sai na zama ni ce mai nema, shi mai rakiya. Da farko abin ya yi masa nauyi, daga baya shi ke tashina da dare in yi bita. Ka tambaye ta me ta karanta, shekarunta nawa. Wataƙila mabuɗin yana hannunta.

Ɗan Maraɗi:

Malam, in kana da juriya, ka duba Faransanci. Kanada na neman masu jin Faransanci da za su zauna a lardunan da ba Kebek ba, shi ya sa suke yi musu kwasarsu daban, kuma an yi zagayen da makin ya sauko ƙasa da 400. In ka kai mataki na 7 a duka ɓangarori huɗu na jarrabawar Faransanci, TEF Canada ko TCF Canada, ga Turancinka kuma, ana ƙara maka 50, da wasu 12 na harshe na biyu. Mu da muka yi lakwal a Nijar wannan ce ƙofarmu, haka 'yan'uwanmu na Kamaru da Cadi. Sai dai kar wani ya ce maka wata uku ya isa. Ni da na tashi da harshen tun firamare sai da na yi shiri na musamman kafin na ci ɓangaren rubutu. Mai farawa daga a, b, c ya sa a ransa shekara guda ko fiye, kullum, ba ranar hutu. Ka fara gyara Turancin, shi ya fi kusa, sannan ka nemi aji a cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française.

Alhaji Babba:

Yaro, ni ban san lissafin makin nan ba, 'ya'yana ne suka sani. Abin da na sani fili ne. Kuɗin fili in ya shiga hannu ba ya kwana, kuma filin da ka sayar bana ba za ka iya sayensa baɗi ba. Ka kuma tambayi kanka, mahaifanka suna raye? Wa zai riƙe su? Ba hana ka nake ba, neman halal ko'ina ibada ne. Amma ka yi istihara, ka zauna da su, kar su ji a bakin wani.

Injiniya na Kalgari:

Baba ya taɓo wani abu da na manta. Filin nan za ka bukace shi, amma ba don ejan ba. Masu nema daga waje ta tsarin ƙwararrun ma'aikata dole su nuna kuɗin zama a banki. A 2024, iyali mai mutum huɗu dalar Kanada 27,297 ne, kuma duk shekara ana sabunta adadin, sai ka duba na yanzu a shafin hukumar. Ko iyalin ba su biyo ka ba, da su ake ƙirgawa. Ba a karɓar bashi, ba a karɓar takardar fili a madadin kuɗi, kuma wasiƙar banki tana nuna matsakaicin abin da ya zauna a asusun cikin wata shida. In ka sayar, ka ajiye yarjejeniyar ciniki da shaidar shigar kuɗin. Ka tuna da dala suke aunawa, in naira ta faɗi abin da ya isa jiya zai gaza yau, don haka ka bar rara.

Sannan tun yanzu ka nemi wasiƙar shaidar aiki: a kan takardar kamfani, da muƙaminka, ranar farawa, awoyin aiki a mako, albashi, da ayyukan da kake yi da gaske. In gayyata ta zo kwana 60 kawai gare ka, kuma a ciki za ka haɗa takardar 'yan sanda da sauran tarkace. Wasiƙar nan ita ta fi ba ni wahala, don wani tsohon wurin aikina ya rufe.

Abu na ƙarshe, takardar zama ba lasisin aiki ba ce. A nan lardin Albata sai hukumar injiniyoyi, APEGA, ta yi maka rajista kafin ka kira kanka injiniya. Ni na yi wata takwas ina ɗaukar kaya a sito, ina fita da duhu cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci, kafin na samu aikin zane a wani ofis. Na gode Allah yanzu, amma ka shigo da wannan a lissafinka.

Abu Sumayya:

Ku gafarce ni in raɓa da tawa. Mai mata biyu fa?

Maman Ilham:

Malam, dokar Kanada aure ɗaya ta sani, na farko, kuma auren mace fiye da ɗaya laifi ne a kundin hukuncinsu. Wannan ba maganar da za a yanke a nan ba ce. Ka nemi lauya, ko mai ba da shawara da sunansa ke cikin rajistar CICC, hukumar da ke ba masu ba da shawara kan shige da ficen Kanada lasisi, ka duba lambar lasisinsa da kanka kafin ka cika komai. Baban Khalil, kai ma ka tambayi ejan ɗinka lambarsa.

Baban Khalil:

Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan magabata. Na kira ejan ɗin na tambaye shi lambar lasisi da maganar Maris 2025, ya ce zai kira ni, har yanzu shiru. Yaya Maman Ilham, na karanta wa Maman Khalil amsarki tun daga farko har ƙarshe. Ta yi shiru, can ta tashi ta buɗe akwati ta ɗauko kwalin digirinta, ilimin kimiyyar haɗa sinadarai ta karanta, shekararta 28, kuma shekara huɗu ke nan tana koyarwa a sakandare. Ban taɓa lissafa makinta ba, daren nan za mu yi. Baba, gobe Juma'a in sha Allahu zan je gida wajen Hajiya. Yaya Injiniya, in ba damuwa zan turo maka muƙalar farko da na rubuta da agogo ka duba mini, na wuce lokaci da minti tara.