Shawarwarin da aka bayar kan taron tsofaffin masu hidimar ƙasa

'Yan'uwanmu na Asawase da Aboabo a Kumasi waɗanda suka yi hidimar ƙasa a ƙauyukan arewacin Ghana sun zauna kan yadda za a shirya taron haɗuwa. Tun 1973 Ghana ke tura waɗanda suka gama karatu su yi wa ƙasa aiki na wani lokaci, kuma da yawa daga cikinmu koyarwa muka yi a ƙananan makarantu wajen Tamale, Wa da Bolgatanga.

Maganar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce wurin taro. Wasu sun so otal a Kumasi, amma dattawa suka ce a koma ƙauyen da aka yi aikin. Ni ma ina bayansu. Mutanen da suka ba mu ɗaki suka ciyar da mu tuwon zafi suna can, yaran da muka koyar sun zama magidanta, kuma ba su da kuɗin motar zuwa birni. Aka ce a fara aika wakilai wurin sarkin gari da limami kafin a sa rana.

A guji damina, don daga Yuni zuwa Satumba hanyoyin ƙauye sukan lalace, manoma kuma suna gona. Disamba ko Janairu ya fi, bayan girbi.

Kuɗi kuwa, a tara ta MoMo, wato tura kuɗi ta wayar salula, mutum biyu su riƙe lissafi, a karanta shi a gaban kowa. Wata hajiya ta roƙi a rage kuɗin anko a gyara rijiyar burtsatse ko rufin aji, aka amince. Za a buɗe taron da addu'a ga abokan aikin da suka rasu.